Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙa'idojin Ƙuri'a da Rigingimun Zama a Majalisun Kwaikwayo na Matasan Jos

An shirya waɗannan amsoshi ne domin kakaki da akawu da 'yan majalisa na majalisun kwaikwayo da ɗalibai da ƙungiyoyin matasa ke kafawa a Jos da kewaye, ko a aji ake zama ranar Asabar, ko a zauren unguwa, ko kowa yana gida riƙe da wayarsa. Duk sashen da muka ambata daga Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 yake. Inda muka ce "shawararmu", majalisa na iya ɗauka ko ta bari. Misalan lissafi mun gina su a kan kujeru 24, adadin kujerun Majalisar Dokokin Jihar Filato.

Tunda kwaikwayo ne, dole sai an rubuta ƙa'idoji?

Dole ne. Dokar da za a yi ta kwaikwayo ce, amma haushin wanda ya ga an murɗe masa ƙuri'a na gaske ne, kuma da shi zai koma gida. Sashe na 60 ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon tsara yadda kowace za ta gudanar da zamanta, sashe na 101 ya ba majalisun jihohi irin wannan iko. Ku ma ku tsara naku a zaman farko, tun ba a san wa zai rinjayi wa ba. Shafi uku ko huɗu sun isa, muddin sun faɗi mutum nawa ke halatta zama, da me ake auna rinjaye, yaya ake ƙidaya, wa ke raba gardama, da yadda ake cire shugaba. Ƙa'idar da aka rubuta bayan rigima ta tashi, ko da daidai take, ɓangaren da ta kayar ba zai yarda da ita ba.

Mutum nawa za su hallara kafin zama ya halatta?

A majalisun Najeriya kashi ɗaya bisa uku ne na dukkan 'yan majalisa: sashe na 54 ga Majalisar Tarayya, sashe na 96 ga na jihohi. Wato sanatoci 37 cikin 109, wakilai 120 cikin 360, mutum 8 cikin 24.

A lura da abin da hakan ke jawowa a ƙaramar majalisa. Idan takwas suka zauna, biyar daga cikinsu sun isa su yanke wa ashirin da huɗu hukunci, sauran su ji labari washegari. Shawararmu a bar kashi ɗaya bisa uku ga zaman muhawara, duk zaman da za a kaɗa ƙuri'a kuwa sai fiye da rabi sun hallara, wato 13. Kada a wuce nan. Idan aka sa kashi biyu bisa uku don nuna tsauri, lokacin jarrabawa, ko azumi, ko ranar da ruwan Agusta ya tsare mutane a Bukuru da Rikkos, sai a shafe wata guda ba a yanke komai ba.

Ba aikin kakaki ba ne ya riƙa ƙirga kawuna kowane minti. Tsarin sashe na 54 shi ne wani ɗan majalisa da ke cikin zauren ya miƙe ya ce adadi bai cika ba, a jira ɗan lokacin da ƙa'ida ta ƙayyade, a ƙirga ban da mai jagorantar zaman, idan har yanzu bai cika ba a ɗage. Minti goma sun isa jira, sannan akawu ya kira sunaye daga rajista, kowa ya amsa da bakinsa.

Abin da ya fi hana adadi cika shi ne sunayen waɗanda suka daina zuwa. Wannan ya gama makaranta, wancan ya tafi bautar ƙasa, wata ta yi aure ta koma Bauchi, amma duk ana ƙirga kujerunsu. Sashe na 68 ya ce ɗan Majalisar Tarayya na rasa kujerarsa idan ya yi fashi babu ƙwaƙƙwaran dalili fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zama a shekara. Ku ari wannan: fashin zama uku a jere babu uzuri, a aika masa takarda, idan mako ya zagayo bai amsa ba a sanar a zaure cewa babu kowa a kujerar, a cike ta. Sai dai kada a yi wannan tankaɗe ranar wata babbar ƙuri'a, domin ko da gaskiyarku kowa zai ce rage abokan hamayya kuke yi.

Idan marasa rinjaye suka fice don su karya zaman fa?

Ficewa hanya ce ta nuna ƙin amincewa, ba laifi ba ce. Idan waɗanda suka rage sun cika adadi, a ci gaba. Idan ba su cika ba, sai wanda ke cikin zauren ya ja hankali, domin wanda ya fita ba shi da ta cewa daga bakin ƙofa. Abin da aka riga aka yanke kafin a ja hankali yana nan daram. Don kada ficewa ta zama makamin kullum, a rubuta cewa idan zama biyu a jere suka watse a kan magana ɗaya, a zama na uku adadin ya sauko zuwa kashi ɗaya bisa uku, bayan an sanar da kowa a rubuce.

Me ake nufi da rinjaye? Rinjayen su wa?

A nan akasarin rigingimu ke fitowa, domin ma'auni uku ne, kuma kowane ɓangare na ɗaukar wanda ya yi masa daɗi bayan ya ga sakamako.

A ce kujeru 24 ne, mutum 18 ke zaune ban da kakaki. Tara suka ce e, shida suka ce a'a, uku suka yi rowar ƙuri'unsu, wato ba su ce e ko a'a ba. Idan ma'aunin shi ne waɗanda suka halarta kuma suka kaɗa, ƙuri'u 15 ne, ana buƙatar 8, ƙuduri ya wuce. Idan waɗanda suka halarta ne kawai, 18 ke nan, ana buƙatar 10, ya faɗi. Idan dukkan 'yan majalisa ne, ana buƙatar 13, ya faɗi nesa. Ƙuri'a ɗaya, mutane ɗaya, sakamako ya bambanta, kuma babu wanda ya yi ƙarya a lissafinsa.

Kundin tsarin mulki ya rarrabe su. Sashe na 56 da na 98 sun ce harkokin yau da kullum ana yanke su da ƙaramin rinjaye na waɗanda suka halarta kuma suka kaɗa. Gyaran kundin kansa kuwa, sashe na 9 ya nemi kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 da wakilai 240, tare da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Idan gyaran ya shafi babin haƙƙoƙin ɗan Adam, ko sashen ƙirƙiro jihohi, ko shi kansa sashe na 9, sai kashi huɗu bisa biyar: 88 da 288. Amma ku dubi sashe na 58, mai maganar sake zartar da dokar da shugaban ƙasa ya ƙi sa wa hannu. Ya ce kashi biyu bisa uku, ya yi shiru, bai ce na su wa ba, ya bar wa lauyoyi abin jayayya.

Saboda haka kada ku taɓa rubuta "kashi biyu bisa uku" ku sa aya. Ku ƙarasa: na waɗanda suka kaɗa, ko na dukkan kujeru. Kuma kafin kowace ƙuri'a kakaki ya faɗa da baki: "Wannan ƙuduri yana buƙatar ƙuri'a 16 kafin ya wuce." Mai ja ya ja a lokacin, kafin a ɗaga hannu ko ɗaya.

Idan lissafin bai rabu daidai ba, sama za a yi ko ƙasa?

Sama, koyaushe, domin ƙa'idar cewa take "ba ƙasa da kaza ba". Kashi biyu bisa uku na 25 ya zarce 16, don haka 17 ne. Na 31, 21 ne. Kashi ɗaya bisa uku na 109 ya ɗara 36 da kaɗan, shi ya sa ake neman 37. Hanya mai sauƙi ga akawu: ya ninka masu e sau uku, ya ninka jimillar sau biyu, idan na farko ya kai na biyu ko ya wuce shi, an samu. Misali 16 cikin 25: 48 ke nan da 50, bai kai ba.

'Yan Najeriya sun san wannan gardama tun zaɓen 1979, lokacin da jihohi 19 ne, kuma ana buƙatar ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohin. Alhaji Shehu Shagari ya samu a 12, a Kano bai kai ba, Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin cewa sha biyu da biyu bisa uku ake nema, ba 13 ba. Idan wani ya kawo muku wannan hujja, amsar ita ce jiha tana da ƙuri'u da za a iya kasawa, ɗan majalisa kuwa ba ya kasuwa.

A kuma guji rubuta "rabi da ɗaya". A ƙuri'u 15 rabi bakwai da rabi ne, a ƙara ɗaya ya zama takwas da rabi, sai wani ya ce ai tara ake nema, alhali takwas ne. A rubuta "fiye da rabi".

Wanda ya yi rowar ƙuri'arsa, a wane ɓangare ake sa shi?

Ana ƙirga shi a cikar adadin zama, tunda yana nan. A sakamako kuwa ya danganta da ma'auni. Inda ake auna waɗanda suka kaɗa, ba ya ƙara wa kowa, ba ya rage wa kowa. Inda ake auna dukkan kujeru, rowarsa daidai take da a'a, haka ma rashin zuwa. Kakaki ya tunatar da wannan kafin ƙuri'a, domin da yawa na yin rowa da zaton sun tsame hannunsu, alhali sun kayar da ƙuduri. Sashe na 56 ya kuma nemi ɗan majalisa ya bayyana idan yana da wata moriyar kuɗi kai tsaye a cikin maganar da ake yi. A wajenku, wanda ƙudurin ya shafe shi shi kansa, kamar ba shi kyauta ko ladabtar da shi, ya faɗi haka, ya janye daga ƙuri'ar.

Kakaki ya ce masu e sun fi, mu kuma mun ji a'a ta fi ƙarfi. Ina mafita?

Ƙuri'ar murya ta dace da abin da babu jayayya a kansa, kamar amincewa da rahoton zaman baya ko ɗage zama. Kunne ba ya ƙirga mutane. Mutum biyar masu ƙarfin murya kusa da teburin kakaki na iya danne goma da ke baya, musamman 'yan mata da sababbin shiga da ba su saba ɗaga murya ba.

Maganinta neman ƙidaya. Kakaki ya karanta tambayar kalma da kalma, ya ji muryoyi, ya ce, "A jina, masu e sun fi." Sai ya dakata, ya dubi zaure dama da hagu, kafin ya buga guduma. A wannan dakatawa ne mai ja zai miƙe ya ce, "Mai girma Kakaki, ina neman a ƙirga." Shawararmu idan mutum biyu suka miƙe suka mara masa baya, ƙidaya ta wajaba, kakaki ba shi da ikon hanawa. A ba da minti biyu waɗanda ke waje su shigo, a rufe ƙofa. Kowane ɓangare ya ba da mai ƙidaya ɗaya, su tsaya kusa da akawu, kowa da takardarsa. Akawu ya kira suna, mai sunan ya miƙe ya ce e, ko a'a, ko na janye, akawu ya maimaita da ƙarfi kafin ya rubuta. Idan an gama, su ukun su gwada alƙalumansu, su sa hannu, sannan a miƙa wa kakaki ya karanta masu e, masu a'a, masu rowa da waɗanda ba su zo ba. Idan aka haɗa da shi kansa dole jimillar ta ba da 24. In ba ta ba da ba, a sake tun ba a buɗe ƙofa ba.

Haka aka yi a Majalisar Dattawa a watan Yulin 2021 kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Shugaban marasa rinjaye na lokacin, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya ƙi yarda da hukuncin murya, aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya, aka samu 52 da 28, wasu 28 ba sa nan. Ɓangarensa bai yi nasara ba, amma kowa ya san inda sanatansa ya tsaya. A watan Maris na 2025 kuwa, majalisun biyu sun amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ta hanyar murya, alhali sashe na 305 kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa ya nema, abin da ya jawo suka mai yawa. Ku rubuta a fili cewa duk abin da ke buƙatar wani ƙayyadadden adadi ba a yanke shi da murya.

An yi kunnen doki. Kakaki na da ƙuri'a?

Yana da ita a nan kaɗai. Sashe na 56 ya ce mai jagorantar zama zai kaɗa idan ana buƙata don kauce wa kunnen doki, ban da haka ba ya kaɗawa. Don haka babu maganar ya kaɗa tare da jama'a sannan ya sake kaɗawa ya raba gardama.

Kundin bai ce wane ɓangare zai bi ba. Al'adar majalisar Birtaniya, wadda muke ganin ta fi kare mutuncin kujerar, ita ce kakaki ya bi abin da zai bar ƙofar muhawara a buɗe, kuma kada ya sauya wani abu da ƙuri'arsa shi kaɗai. A watan Afrilun 2019 an yi 310 da 310 a can, kakaki John Bercow ya bi masu a'a bisa wannan dalili. A aikace: a karatu na biyu ya ce e, don magana ta je kwamiti, a kan gyara ya ce a'a, rubutun ya zauna yadda yake, a karatu na uku ya ce a'a, tunda babu rinjayen da ya nemi dokar. Idan wannan na rubuce, kowa ya san abin da kakaki zai yi tun kafin ya buɗe baki, babu mai zarginsa da son kai. Kakakin da ke son shiga muhawara kuwa ya sauka ya ba mataimakinsa kujera, kada ya koma sai an gama da maganar.

An kawo gyare-gyare kan ƙuduri. Wanne ake fara kaɗawa?

Daga na ƙarshe ake farowa. A ce ƙudurin ya nemi a hana kasa kaya a bakin titi a Terminus daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma. Wani ya kawo gyara, a ce zuwa 10 na safe. Wata ta gyara gyaran, a ce zuwa 12 na rana. Za a fara da na 12. Idan ya wuce, gyaran farko ya koma 12, a kaɗa a kansa. Idan ya faɗi, a kaɗa kan 10. Bayan nan sai a karanta ƙudurin gaba ɗaya yadda ya koma, a kaɗa ta ƙarshe.

Wannan ta ƙarshen ita ake yawan mantawa. Gyara ya wuce, aka yi tafi, aka shiga wata magana, bayan mako biyu wani ya gano ba a taɓa zartar da ƙudurin kansa ba. Kuma da gaskiyarsa, domin mutum na iya goyon bayan gyara don ya rage illar abin da yake niyyar ƙi.

Kada gyara ya wuce hawa biyu. A miƙa shi a rubuce, wani ya mara masa baya. Gyaran da aikinsa kawai ya juya ƙuduri ya zama kishiyarsa ba a karɓarsa, mai wannan ra'ayi ya jira ya ce a'a. Da zarar kakaki ya gabatar da ƙuduri ga zaure ya zama na majalisa, mai shi ba ya janye shi sai da izininta.

Yaya ake jan hankali kan ƙa'ida, kuma ana iya ƙalubalantar hukuncin kakaki?

Ɗan majalisa ya miƙe ya ce, "Mai girma Kakaki, ina jan hankali kan ƙa'ida ta kaza." Mai magana ya zauna. A ba shi minti ɗaya ya faɗi lambar ƙa'idar da yadda aka saɓa mata. Wanda ya kasa faɗin lamba, ko ya fake da wannan ya shiga muhawara, a zaunar da shi. Kakaki ya yanke hukunci, a ci gaba. Ana yin sa ne nan take, ba bayan an ga sakamako ba, kuma ana tsaka da ƙidaya ba a karɓar komai sai abin da ya shafi ƙidayar.

Ƙalubale kuwa, shawararmu a ba shi hanya, amma mai ɗan tsauri: takarda mai sa hannun mutum biyar, mataimaki ya hau kujera, mai ƙorafi minti uku, kakaki minti uku, a kaɗa da kiran suna. Majalisar da ta toshe wannan hanya gaba ɗaya, duk ƙaramin saɓani sai ya rikiɗe ya zama yunƙurin tsigewa.

An gano wanda ba ɗan majalisa ba ya kaɗa. Ƙuri'ar ta rushe?

Ba lallai ba. Sashe na 61 ya ce shigar wanda bai cancanta ba ba ta rushe zaman majalisa, ko da yake sashe na 57 ya mayar da hakan laifi a kansa idan ya san bai cancanta ba. A cire ƙuri'arsa a duba. Idan 12 da 7 ne, sakamako na nan. Idan 10 da 9 ne kuma yana cikin goman, ko ta sirri ce ba a san inda ya jefa ba kuma tazarar ba ta fi ɗaya ba, a sake.

Muna kaɗawa ta WhatsApp. Me ya kamata mu kiyaye?

Da farko a ware guruf na 'yan majalisa zalla, masu kallo su zauna a wani, domin duk wanda ke cikin guruf na iya taɓa ƙuri'a. Akawu ya riƙe rajistar lambobi, lamba ɗaya ga kowace kujera. Wajen shirya ƙuri'ar a kashe damar zaɓen amsa fiye da ɗaya, in ba haka ba za a samu wanda ya danna e ya danna a'a. A sa zaɓi uku: e, a'a, na janye. Jimillar waɗanda suka taɓa ɗaya daga ciki ita ce halartar zaman.

A sanar da lokacin buɗewa da na rufewa tun farko, misali daga 8 na daren Juma'a zuwa 8 na daren Asabar, saboda masu matsalar caji da data. Mutum na iya sauya zaɓinsa a manhajar, don haka a daidai lokacin rufewa akawu da masu ƙidaya biyu kowa ya ɗauki hoton allon da ke nuna sunaye, su tura nan take. Abin da ke cikin hoton shi ne sakamako. Idan da rubutaccen saƙo ake kaɗawa, a tuna WhatsApp na barin a gyara saƙo cikin minti 15, kuma ana iya goge shi. A rubuta cewa saƙon da aka gyara bayan rufewa ba ya aiki. Wanda sabis ya yanke masa ya tura tes ga akawu da masu ƙidaya kafin lokaci ya cika. Ƙara lokaci bayan an ga inda sakamako ya karkata shi ne babban abin da ke rusa amana, kada a yi shi ko da kowa ya roƙa.

Zan iya ba abokina saƙon ƙuri'ata?

A'a. Kundin cewa ya yi waɗanda suka halarta kuma suka kaɗa. Wanda bai ji muhawara ba, bai san gyaran da aka yi ba, saƙonsa na kan rubutun da wataƙila ya riga ya sauya. Wanda ya iso bayan an rufe ƙofa ma ya yi haƙuri. Sauya ƙuri'a kuwa ana yi ne kafin masu ƙidaya su sa hannu.

A fili ko a sirrance?

Ƙuduri da doka a fili, domin wakili ne, dole a san matsayinsa. Zaɓen mutum ko cire shi, shawararmu a sirrance, saboda a ƙaramar majalisa 'yan unguwa ɗaya ne da 'yan aji ɗaya, kunya da zumunci na hana mutum bin ra'ayinsa. Wajen zaɓen shugabanninta, Majalisar Tarayya ta yi duka biyun a rana ɗaya, 13 ga Yunin 2023: dattawa suka jefa a sirrance, Godswill Akpabio ya samu 63, Abdul'aziz Yari 46, wakilai kuma kowa ya faɗi nasa a fili, Tajuddeen Abbas ya samu 353. Idan ta sirri za ku yi, a yanka takardu daidai yawan waɗanda suka amsa suna, akawu ya sa hannu a bayan kowace, a nuna akwati babu komai, a ƙirga takardun a naɗe kafin a buɗe su.

Yaya ake tsige kakaki ba tare da majalisa ta dare biyu ba?

Sashe na 50 da na 92 sun nemi kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar, wato 16 cikin 24. Matakai kuwa ku aro daga sashe na 188 mai maganar tsige gwamna: takardar zargi mai sa hannun aƙalla kashi ɗaya bisa uku, wato 8, a fayyace laifin dalla-dalla, a miƙa wa wanda ake zargi, a ba shi damar kare kansa. Mako guda ya isa tsakanin miƙa takarda da ƙuri'a. Mataimaki ne zai jagoranci zaman, a wurin da aka saba, a lokacin da aka sanar da kowa.

Mutanen Jos ba sa buƙatar a je nesa neman misali. A watan Nuwamban 2006 wasu 'yan majalisar Filato da ba su kai goma ba suka sanar da tsige Gwamna Joshua Dariye, bisa hujjar cewa 14 sun rasa kujerunsu saboda sauya sheƙa, don haka daga waɗanda suka rage za a yi lissafi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe tsigewar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Afrilun 2007, ya koma kujerarsa. A Oyo ma, a watan Janairun 2006, an tsige Gwamna Rashidi Ladoja ta hannun 'yan majalisa 18 cikin 32 da suka yi zama a wani otal a Ibadan, kotu ta rushe kafin shekarar ta ƙare. Dabarar dakatar da abokan hamayya da safe don a rage adadi da yamma ta wannan layi ce. Ku rubuta cewa a maganar tsigewa da yawan kujeru ake lissafi, ko da wasu na dakace.

Idan wani ya gudu da sandar majalisa, zama ya mutu?

Sanda alama ce ta ikon majalisa, ana girmama ta, amma sassan da suka yi maganar halaccin zama adadin mutane suka ambata, ba sanda ba. A watan Afrilun 2018 wasu sun kutsa zauren Majalisar Dattawa suka fice da ita, sanatoci suka ci gaba da zama da wata a ranar. Ku sa layi ɗaya a ƙa'idojinku: rashin sanda ba ya hana zama, riƙe ta kuma ba ya halatta zaman da ba a kira bisa ƙa'ida ba.

Ana iya dawo da maganar da aka riga aka yanke?

Ba a zango ɗaya ba, sai ta ƙudurin warware hukunci, da sanarwar mako guda, kuma ya samu fiye da rabin dukkan kujeru, wato 13. In babu wannan shinge, waɗanda aka kayar za su jira ranar da zaure ya yi fayau su juya komai.

Da wane harshe za a karanta tambayar ƙuri'a?

Sashe na 55 ya ambaci Ingilishi, da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Sashe na 97 ya bar wa majalisar jiha ta ƙara harshen da ake yi a jihar idan ta amince. A Jos, inda za ka samu Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Bafulatani a benci ɗaya, a bar kowa ya yi muhawara da Hausa ko Ingilishi, amma tambayar ƙuri'a a rubuta ta da duka biyun, a karanta duka biyun, a kuma faɗi tun farko wanne ne abin dogaro idan suka saɓa.

Idan an tashi zama ba a daidaita ba, wa zai yanke hukunci?

A kafa kwamitin mutum uku tun farkon zango, waɗanda ba su da kujera a majalisar: malami, tsohon kakaki, ko wani babba da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A kai ƙorafi a rubuce cikin awa 48, su amsa cikin mako guda. Ba ruwansu da kyawun ƙuduri ko muninsa, abin da za su duba kawai shi ne an bi ƙa'ida ko ba a bi ba, kuma saɓawar ta isa ta sauya sakamako ko ba ta isa ba. Hukuncinsu ɗayan uku ne: sakamako ya tsaya, a gyara alƙalami, ko a sake ƙuri'a.

Da littafin akawu za su yi aiki, don haka a kowace ƙuri'a ya rubuta kwanan wata da lokaci, wanda ya jagoranta, sunayen waɗanda suka halarta, tambayar kamar yadda aka karanta ta, adadin da kakaki ya ce ana buƙata, yadda aka kaɗa, alƙaluman masu e, masu a'a, masu rowa da waɗanda ba su zo ba, da duk jan hankalin da aka yi tare da hukuncinsa. Takardun masu ƙidaya da hotunan allo a adana su har ƙarshen zango. Hukuncin kwamitin kuma a karanta shi a zama na gaba, a manna kwafinsa a bayan littafin ƙa'idoji tare da lambar ƙa'idar da ya fassara.